Jita-jitar MacBook Pro da ta zama gaskiya

A 2016 kamfanin Apple ya toshe yawancin ramukan jona kaya a kwamfutarsa MacBook Pro, ya koma USB-C. Masu ɗaukar hoto suka fi jin jiki, domin katin kyamara ba ya shiga sai an sayi wata mahaɗa daban. Kukansu yana kan hanya, don kayan aiki ne suka saya da tsada.

Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗi a farkon 2021 cewa ramin kati da cajar MagSafe mai maganaɗisu za su dawo, murna ta riga kwamfutar isowa. Labarin tsaga a saman allo, wurin kyamara, shi ya jawo gunaguni. A Oktoban shekarar duka suka tabbata, har ramin HDMI ya dawo.