Baƙuwa a Keji: Yadda Ake Saukar Hawainiya

Wannan makon allonmu na magana ne a kan wata halitta da kowa a ƙasar Gumel ya sani, amma kaɗan ne suka san yadda take rayuwa, wato hawainiya.

Ga abin da ya jawo maganar. A zangon karatun da ya wuce, wasu daga cikinmu sun tsinci hawainiya a jikin shingen makaranta. Muka jefa ta cikin kwalin taliya, muka sa mata ruwa a murfin gwangwani, muka gutsura mata tuwo, kowa ya zo wucewa sai ya buɗe ya tsokane ta da tsinke don ya ga ta rikiɗa. Ta yi baƙi ƙirin, ta rufe ido, ta ƙi cin komai. A kwana na biyar muka tarar ta mutu. Babu wanda ya yi niyyar kashe ta a cikinmu, rashin sani ne ya kashe ta. Da wani ɗan ajinmu ya sake kawo wata daga gonar wakensu a farkon wannan zango, sai muka fara zuwa wurin malaminmu na Bayoloji kafin mu taɓa ta. Abin da muka koya shi ne muka kawo muku.

Wace ce hawainiya?

Hawainiya dangin ƙadangare ce. A duniya akwai irinta fiye da 200, kuma kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. A can ne ma masana suka bayyana wata 'yar mitsitsiya a shekarar 2021, wadda namijinta bai kai santimita 3 ba har da wutsiya. Cikin waɗanda suka saba da busasshiyar ƙasa irin tamu akwai wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, mai zama a yankin Sahel tun daga Mali har Sudan.

Duk jikinta an gina shi ne don zaman reshe. Yatsunta a haɗe suke, biyu a gefe ɗaya uku a ɗaya gefen, kamar awartaki. Wutsiyarta tana naɗe reshe ta riƙe shi, kuma idan ta guntule ba ta sake fitowa kamar ta tsaka. Idanunta kowanne yana juyawa shi kaɗai, sai ta hango abinci sannan ta haɗa su wuri guda ta auna nisa. Harshenta na iya kai tsawon jikinta ko ya fi, bakinsa yana da yauƙi mai danƙo, kuma tana harba shi kafin ƙiftawar ido.

Batun rikiɗa kuwa, ba gaskiya ba ne cewa tana ɗaukar launin duk rigar da aka ɗora ta a kai. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan sun nuna cewa a cikin fatar hawainiya akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, idan tazarar da ke tsakaninsu ta canja sai hasken da fatar ke mayarwa ya canja launi. Abin da ke sa ta rikiɗa shi ne zafi da sanyi da haske, da kuma halin da take ciki. Da sassafe takan yi duhu don ta kwashi zafin rana. Da dare idan tana barci takan yi fari-fari. Idan kuma ta tsorata ko ta fusata sai ta yi baƙi, ta kumbura, ta buɗe baki tana huci. Ashe baƙin da ta farko ta yi a kwali kuka take yi mana, mu kuwa muna ta dariya.

Wasu na cewa cizonta ko yawunta yana da dafi. Hawainiya ba ta da dafi. Za ta iya cizo idan aka matsa mata, amma ba ya wuce ɗan tsunguli. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko kejinta, domin dangin ƙadangare sukan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi.

Masauki

Kwali da bokiti da kwalba duk kurkuku ne a wurinta. Tana son iska da tsayi. Mu mun roƙi wani kafinta ya haɗa mana keji da ragowar katako da ragar taga, tsayinsa wajen mita 1, faɗinsa rabin mita. Gara ya yi tsayi da ya yi faɗi, domin hankalinta ba ya kwanciya sai tana sama da abin da take tsoro. Shi ya sa muka ɗora kejin a kan tebur, muka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa don kada cinnaka da tururuwa su hau.

Kada a rufe kejin da tsohon gidan sauro. Yawancin waɗanda ake rabawa an jiƙa su da maganin ƙwari. Haka kuma kada a ajiye ta a ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake yayyafa fiya-fiya.

A cikin kejin a gicciya rassa masu kaurin da ƙafarta za ta iya damƙa, wasu a kwance wasu a karkace, sannan a cika shi da ganye har ta samu wurin ɓuya. Idan ka leƙa ka gan ta nan take, to ganyen bai isa ba. Mu mun dasa rama da zoɓo a tsohuwar roba muka sa a ciki, muka ƙara da rassan gwaiba da na zogale. Hausawa kan ce wa wanda suke yi wa kashedi hawainiyarsa ta kiyayi ramarsu, amma a wannan keji an yafe mata ramar. A guji tumfafiya da aguwa da duk wani tsiro mai farin ƙaro, domin ƙaron na ƙona ido da baki.

Kuma ita kaɗai za a sa. Hawainiya ba ta zaman garke. Idan aka haɗa biyu a keji ɗaya, mai ƙarfin za ta hana ɗayar sakat har ta daina cin abinci.

Rana da inuwa

Jikinta ba ya haifar da ɗumi kamar namu, daga rana take samu. Sai ta sha hantsi sannan take iya farauta da narkar da abinci. Hasken rana kuma shi ke taimaka wa jikinta ya sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Wadda aka kulle a ɗaki ƙasusuwanta sukan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aikin, domin gilashi na tare ɓangaren hasken da ake buƙata.

Amma duk wanda ya san ranar bazara a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san ba a wasa da ita. Dabbar da ke cikin keji ba ta da inda za ta gudu. Don haka a ajiye kejin a gefen inuwar bishiya, inda hantsi zai taɓa ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuma ya zauna cikin inuwa, ita ta zaɓa da kanta. Idan ka ga ta yi fari fat da tsakar rana tana buɗe baki, zafi ya yi mata yawa, a matsar da ita inuwa a yayyafa wa ganyen ruwa. Da hunturu kuwa, a kare kejin daga iskar da tabarma ta gefen da take kaɗowa.

Ruwa

Nan ne kuskurenmu mafi girma ya kasance. Hawainiya ba kasafai take gane ruwan da ke kwance a kwano ba. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Za ta iya mutuwa da ƙishirwa alhali ga ruwa a gabanta. Dabarar mai sauƙi ce: a sami robar ruwa mai tsabta, a huda gindinta da allura, a ɗora a saman keji yadda zai riƙa ɗiga a kan ganye ɗaya bayan ɗaya. Sannan safe da yamma a yayyafa wa ganyen ruwa da hannu. Ganyen ake jiƙawa, ba fuskarta ba.

Abinci

Ba ta cin tuwo, ba ta cin shinkafa, ba ta cin soyayyar farar da ake sayarwa a bakin makaranta. Abin da yake da rai yana motsi shi take harbi: ƙananan fara, gyare, ƙuda, malam-buɗe-littafi, da gina idan ruwan farko ya sauka. Kada ƙwaron ya fi faɗin kanta. A saki uku ko huɗu a kan ganye da hantsi, a ja da baya. Wanda ba ta ci ba a fitar da shi kafin dare, musamman gyare, don yakan ciji mai barci.

A kula da inda aka kamo ƙwarin. Gonar wake ko ta riɗi da aka yi wa feshi ba wurin kamu ba ce, domin gubar da ta rage a jikin fara za ta ƙare ne a cikin hawainiya. Haka ma farar nan mai zane-zane da ke zama a kan tumfafiya, a bar ta inda take.

Kwanakin farko

Aikin da ya fi wuya shi ne ƙyale ta. Kwana biyu ko uku na farko tana iya ƙin cin abinci, wannan ba abin tashin hankali ba ne muddin tana shan ruwa. A ajiye kejin nesa da hayaniya, nesa da kyanwa da kaji. Kada a yi mata dandazo. Mu mun yi doka: mutum biyu kawai a lokaci guda, a tsaya nesa kaɗan, babu tsinke, babu ƙwanƙwasa raga.

Idan dole sai an ɗauke ta, kada a cafko ta ta baya, haka shaho yake yi mata. Kada kuma a fizge ta daga reshe, ƙafarta na iya karyewa. A kawo sanda ko tafin hannu a gabanta daga ƙasa, a jira ta tako da kanta. Tafiyar hawainiya sai mai haƙuri.

Alamar ta saba ita ce launinta ya koma kore mai haske, idanu suna ta juyawa, tana kama reshe da ƙarfi, tana farauta, da dare kuma ta hau reshe ta naɗe wutsiya ta yi barci. Idan fatarta ta yi fari-fari tana ɓarewa, saɓa take yi, kada a taya ta ɓara. Alamun hatsari kuwa su ne rufe ido da rana, faɗawar idanu, zama baƙi wuni guda, da kwanciya a ƙasan keji. Wadda cikinta ya yi girma tana ta saukowa tana tonon ƙasa, mai yiwuwa mace ce mai neman wurin binne ƙwai. Idan ba ta samu ƙasa mai danshi da zurfi ba, ƙwan na iya kashe ta. Irin wannan a mayar da ita inda aka ɗauko ta ba tare da jinkiri ba.

Shin ya dace a riƙe ta?

Wannan tambaya ta raba kan 'yan ƙungiyarmu. Wasu sun ce tunda ta saba a bar ta. Amma wa zai kamo mata fara ranar Asabar da Lahadi? Wa zai yayyafa ruwa idan an tafi hutu? Idan rani ya yi nisa ƙwari suka yi wuya fa? Malaminmu na Addini ya tuna mana hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda ya rufe ƙofar keji, haƙƙin abin da ke ciki ya hau kansa.

Ban da haka, hawainiya ma'aikaciyar gona ce da ba a biya. Farar da take ci ita ce mai cin ganyen wake da gero. Ga shi kuma ana kama ta ana busarwa don masu magani, wasu ƙasashen Afirka ta Yamma kuma suna fitar da ita da rai zuwa Turai da Amurka. Shi ya sa take cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido, kuma Najeriya na cikin wannan yarjejeniya. Ko kusa da iyaka kake kamar Maigatari, ƙetarawa da irin wannan dabba don ciniki sai da izinin hukuma.

Mun riƙe baƙuwarmu mako biyu. 'Yan aji ɗaya sun zana ƙafarta a littafinsu, 'yan aji uku sun ga harbin harshe da idonsu, abin da a da sai a hoto. Ranar Juma'a da yamma muka raka ɗan ajinmu gonarsu, muka ɗora ta a kan wata sabara da ke bakin gona, can nesa da hanya. Ta ɗan tsaya tana rangaji, ido ɗaya a kanmu ɗaya a kan ganye, sannan ta shige. Dama baƙo raɓa ne.

Roƙonmu ga 'yan uwa shi ne, idan kun ga hawainiya tana tsallaka hanya, kada ku jefe ta. Ku miƙa mata sanda ta hau, ku kai ta gindin wani kurmi. Wanda kuma ya riga ya kai wata gida, ya zo ya same mu ranar taron ƙungiya, kejinmu yana nan babu kowa a ciki, za mu ara masa na 'yan kwanaki.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.