Dokin zuwa gona: abin da na koya a kasuwar Maigatari

Jama'a, yau ba da tarwaɗa ko kaji zan fara ba, amma ku bi ni, za mu dawo kansu.

Gonata tana cikin fadama, kusan kilomita 6 daga kwalta. Da rani babur ya wadatar, amma da zarar Agusta ta shigo sai laka ta riƙe taya, in sauka ina turi. Bara sau biyu ina isa a makare, na tarar ruwan kududdufi ya ɓaci, kifi na ta hamma a sama. Da na kai wa kawuna kuka, shi da ya daɗe yana kiwon dawaki, sai ya ce: "Kai yaro, ai wannan hanyar ta doki ce."

Ranar Alhamis muka nufi Maigatari. Ina shiga idona ya faɗa kan wani kili dogo, dillali na ta zuga shi. Kawu ko kallo bai ishe shi ba. "Wannan na hawan Sallah ne," in ji shi. "Kai ba gaban sarki za ka ba, gona za ka."

Da ya ga wanda ya kwanta masa, sai ya fara da baki. Doki na fara zubar da haƙoran nono na gaba yana shekara 2 da rabi, ya gama canji wajen shekara 5. In ka ga sauran na nono, bai kai biyar ba, ko me dillali zai rantse da shi. Sannan ya ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya yana neman tsagewa da wari, ya sa aka cire sirdi don ganin ko akwai gyambo a baya. Aka ja shi a sassarfa kan ƙasa mai tauri, domin yashi na ɓoye ɗingishi. Daga ƙarshe ya ce in hau da kaina, ya sa wani ya wuce mu da babur. Dokin ko kunne bai kaɗa ba. Nan muka yi ciniki.

To, ga inda abin ya shafe mu masu kaji. Wasu abincin kaji, musamman na broila, ana sa musu maganin kashin jini irin su monensin da salinomycin. Ga kaza magani ne, ga doki guba ce: kaɗan ya isa ya lalata masa zuciya. Kar ka ba shi ragowar abincin kaji wai don kar a yi asara, kar ka auna masa dusa da kwanon kaji, kuma turkensa ya yi nesa da sito.

Ka kuma yi lissafin ciyarwa tun kafin ka biya. Dokin da ya kai kilo 300 na cin busasshen abinci kusan kilo 6 a rana, mafi yawansa harawa da ciyawa, ga ruwa aƙalla jarka ɗaya. Ka tara harawa da kaka, lokacin da take da araha.

Daminar bana ban makara ko sau ɗaya ba, kashinsa kuma ya zama takin lambuna. In za ka saya, kauce wa dab da Sallah, farashi na tashi. Kuma kar ka je kai kaɗai, nemi dattijon da ya san doki. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.