Jiki Ya Saba da Magani, Ko Jarabar Ƙwaya Ce?

Wataƙila kuna da yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana yi masa magana, hankalinsa na wani wuri. A aike shi sayen gishiri, ya manta a hanya. An yi faɗa, an yi bulala, bai canza ba. Wani lokaci abin lalura ce ta ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiranta ADHD da Turanci, TDAH da Faransanci. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, wasu har girmansu. Amma ba kowane yaro mai ƙiriniya ba ne yake da ita. Likita yana duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, sun wuce wata 6, kuma ana ganinsu a gida da makaranta duka.

Ɗaya daga magungunan wannan lalura shi ne metilfenidat, wanda ake sayarwa da suna Ritalin ko Concerta. Yana farkar da sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe hankali, sai yaro ya natsu. Magani ne mai ƙarfi. Tun 1971 ƙasashen duniya suka sa shi cikin magungunan da doka take tsarewa. Ba a ba da shi sai da takardar likita, kuma ba a kowane farmasi ake samunsa ba.

Idan iyaye suka ji haka, sai tsoro ya kama su: "Kada ɗana ya zama ɗan ƙwaya." Kun ga yadda tramol ya lalata samari a garuruwanmu, don haka tsoronku yana da dalili. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata ku rarrabe.

Na farko: jiki ya saba

Mai cin goro ko mai shan shayi kullum, ranar da bai samu ba, kansa yana ciwo, jikinsa ya mutu. Jikinsa ne ya saba. Haka mai farfaɗiya da yake shan fenobarbital: in ya bari farat ɗaya, faɗuwa tana iya dawowa da ƙarfi. Ba wanda zai ce masa ɗan ƙwaya.

Maganin ADHD ma haka yake. Ƙarfin wani irinsa yana ƙarewa bayan awa 3 zuwa 4, wani yana kai awa 8 zuwa 12. Idan ƙarfin ya sauka da yamma, yaro yana iya yin fushi ko rigima na ɗan lokaci. Idan aka tsayar da shi bayan an daɗe ana sha, ana iya ganin kasala, yawan barci, yunwa da ɓacin rai na ƴan kwanaki. Rashin natsuwar ma tana iya dawowa, kamar yadda ido yake komawa dishi-dishi in an cire tabarau. Waɗannan kaɗai ba su nuna jaraba ba.

Na biyu: jaraba

Jaraba ita ce lokacin da magani ya mallaki mutum. Ga alamunta:

- Yana shan fiye da yadda likita ya ce, a ɓoye.
- Maganin wata guda yana ƙarewa cikin kwana 10, sai ya ce ya ɓata.
- Yana sha don jin daɗi ko don ya kwana bai yi barci ba.
- Yana dakawa ya shaƙa ta hanci.
- Yana nema a kasuwa, ko ya yi ƙarya ko sata don ya samu.
- Yana ganin ɓarnar da abin yake yi masa, amma ya kasa dainawa.

Tambayar da za ta taimake ku

Ku tambayi kanku: tun da ya fara shan maganin nan, rayuwarsa gyaruwa take yi ko lalacewa? Mai sha bisa ƙa'ida yana gama aikinsa, yana jin magana, faɗa ya ragu. Sau da yawa ma sai an tuna masa, don yakan manta da shan maganin. Mai jaraba kuwa ba ya mantawa. Da tunanin ƙwayar yake kwana, da shi yake tashi, karatu da gona da zumunci duk suna zubewa.

Binciken likitoci ya nuna cewa shan wannan magani yadda aka rubuta ba ya ƙara wa yaro haɗarin shaye-shaye idan ya girma. Haɗarin yana zuwa ne in an wuce ƙa'ida, ko wanda ba a rubuta wa ba ya sha.

Abin da za ku yi

1. Babba ne zai riƙe maganin, a kulle, ya ba yaro da hannunsa.
2. Kada ku ƙara, kada ku rage, kada ku tsayar sai kun ga likita.
3. Kada ku ba wani, ko da ɗan'uwansa ne mai irin halinsa.
4. Ku ba shi abinci sosai da safe da dare, don maganin yana rage cin abinci.
5. Ku riƙa kawo shi awo: nauyi, tsawo, bugun zuciya da hawan jini.
6. Ku faɗa wa likita in akwai ciwon zuciya ko mai shaye-shaye a gidan.

Idan yaro ya ji ciwon ƙirji, ya suma, ko ya fara ganin abin da babu, ku kawo shi asibiti nan da nan.

In kuwa kun ga alamun jaraba a jikin ɗanku, ko a kanku, kada kunya ta hana ku magana. Jaraba ciwo ce, kuma ana jinyarta. Duka da ɗaure mutum ba sa warkar da ita. Ku zo da sauran maganin da takardarsa, mu zauna tare mu duba.