A ƙaurace wa mai turi?

Rumfar mai caji a Bacirawa ba caji kaɗai ake yi a cikinta ba. Bayan allon soket da ƙaramin janareta akwai tsohuwar kwamfuta, maƙare da fina-finai, waƙoƙi, karatun malamai da manhajojin waya. Saurayi ya dawo daga gona, ya miƙa memori da 'yan canjinsa, ya ce a cika masa. Kusan duk abin da za a zuba, ba a nemi izinin mai shi ba.

Masu kishin Kannywood suna cewa a daina sayayya a wurin irin waɗannan masu turi, kuma suna da hujja. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta rayu ne da cinikin kaset da faifai, a Ƙofar Wambai da Bata. Da turi ya yi ƙarfi, kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi suka koma YouTube da fim mai dogon zango irin su Izzar So. Doka ma tana bayansu: sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta haɗa har da kwafin da ake yaɗawa ta na'ura.

To amma in an ƙaurace, ina za a je? Kallon fim a YouTube sai da data da sabis mai ƙarfi, manomi kuwa yana lissafin kuɗin taki. Babu shagon da ke sayar masa da halastaccen kwafi a farashin da zai iya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ganina gara masu fim su sayar wa masu turi izini a kan kuɗi mai sauƙi, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001, ta tsaya a tsakani.

Inda nake goyon bayan ƙauracewa shi ne manhajar da aka yi wa kwaskwarima. GBWhatsApp ta fi shahara, saboda tana nuna saƙon da aka goge, tana ɓoye cewa kana kan layi. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma ya sha gargaɗin zai rufe lambar mai amfani da ita. Ba a samunta a Play Store, takan yi yawo daga waya zuwa waya ta Xender, babu wanda ya san hannu nawa ta bi ko me aka cusa mata. A wayar nan kuma saƙon banki yake shigowa, nan hotunan iyali suke. Shi kansa mai turin daga wani ya kwaso ta, wataƙila a kasuwar waya ta Farm Centre. In ya ce zai sa maka, ka ce a bar ka da ta asali, wadda dama kyauta ce.