Wankin Mota Da Shafa Mata Kaki: Yadda Za Mu Kare Fenti Da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya san Tirkaniya ya san mota ba ta daɗewa fes a wannan yanki. Unguwar tana gefen babban titin Nnamdi Azikiwe, wato Bayafas, inda tireloli da tankokin mai ke wucewa dare da rana tsakanin hanyar Abuja da ta Zariya. Da rani ƙura ce ke lulluɓe komai, da damina kuma jan taɓon cikin layuka ne ke manne wa tayoyi da ƙasan mota. Haka abin yake a maƙwabtanmu na Nasarawa da Kudenda da Kakuri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, magidanta suka shiga lissafin kowace Naira da mota ke ci. Gidaje da yawa sun rage kai mota wurin masu wanki, aikin ya dawo hannun yaran gida, wato mu da ku. A nan ne matsalar take, domin ƙananan ƙarce-ƙarcen da ke dusashe fenti sukan fito ne daga hannun mai wanki. Sake fentin mota kuwa kuɗi ne da zai iya lashe kuɗin makarantar zango guda ko fiye, kuma motar da fentinta ya mutu ba ta daraja a hannun dillali. Abin da zai hana wannan asara bai wuce bokiti biyu da tsumma mai laushi da sanin yadda ake aikin ba.

Me ke kan jikin mota?

Abin da muke kira fenti hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙarfe, sai shafen farko da ke kare shi daga tsatsa, sai launin motar, sannan a sama wani siririn rufi marar launi wanda shi ne ke ba da sheƙi. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu bai wuce na takardar littafin rubutu ɗaya ko biyu ba. Da zarar rufin saman ya cinye, rana za ta fara ƙona launin. Shi ya sa muke ganin motocin da samansu da bonet ɗinsu suka yi fari-fari suna ɓarewa kamar fatar albasa.

Babban abokin gabar wannan rufi shi ne yashi. Ƙurar hunturu da ke rufe Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai yawa daga cikinta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can ruwan tafki ne ya kwanta. Ta haɗu da ƙurar titinmu, wadda ke cike da ƙananan ƙwayoyin yashi. Masu karatun kimiyya za su tuna ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, mai hawa daga 1 zuwa 10. Ƙwayar yashi tana kan 7, gilashi kuma wajen 5 da rabi. Abin da ke iya ƙarce gilashi, ina ga fenti?

Don haka idan muka ɗauki busasshen tsumma da safe muka goge ƙurar mota, tamkar mun goga mata takardar yashi ce ta kafinta. Ba a ganin ɓarnar a rana ɗaya. Sai bayan watanni, idan aka tsaya a rana aka dubi bonet, a ga zane-zane a zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Haka nan wasan da yara ke yi na rubuta suna da yatsa a jikin mota mai ƙura, shi ma yana barin tabo.

Kayan da muke buƙata

Ba sai an sayi inji mai feshi ba. Bokiti biyu ake so, kuma na gida sun wadatar idan an ɗauraye su sosai. Sai tsumma mai laushi guda uku ko huɗu. Wanda ya fi dacewa shi ne tawul ɗin nan mai gashi-gashi da ake sayarwa a shagunan kayan mota da bakin danja, domin yana janye ƙura cikin gashinsa maimakon ya ja ta a kan fenti. Idan babu, tsohuwar singileti ta auduga za ta yi, amma a yanke bakin ɗinki da maɓalli da duk wani rubutu mai tauri. Sai tsohon burushi da soso na daban don tayoyi.

Sabulu shi ne wurin da aka fi kuskure. Garin sabulun wanki, wanda muke kira omo, an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma yana da kaifi. A ma'aunin pH da muke koya a aji, yakan kai wajen 10, alhali sabulun ruwa na mota yana kusa da 7, kamar ruwa. Garin sabulu yana wanke kakin da ke kare fenti, yana busar da robobin ƙofa da na gilashi, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna ƙarce jiki. Sabulun mota ya fi tsada a ranar saye, amma murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, don haka kwalba ɗaya takan yi watanni. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Ruwa kuwa, jarka biyu masu lita 25 daga wurin 'yan ga-ruwa sun ishi ƙaramar mota idan ba a yi almubazzaranci ba. Idan ruwan rijiya ne, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a bar yashin a gindi.

Yadda ake wankin

Lokaci ya fi komai muhimmanci. A yi wanki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, lokacin da jikin mota ya yi sanyi. A cikin rana sabulu yana bushewa kafin a ɗauraye, kuma ruwan burtsatse yana barin fararen ɗige-ɗige na ma'adinan da ke cikinsa.

A fara da tayoyi da ƙarƙashin madigadi, da nasu soson. Wannan wuri ne jan taɓo ke maƙalewa, ya riƙe danshi kwana da kwanaki, tsatsa ta fara cin ƙarfe ta ciki. Motocin da aka shigo da su daga Turai da Amurka sun fi buƙatar wannan kulawa, domin a can ana zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, wasu kuma sun iso da tsatsarsu a ƙasa.

Bayan haka a watsa wa motar ruwa zalla daga sama zuwa ƙasa, kafin tsumma ya taɓa ta. Wannan watsawa ita ke sauke yawancin yashin. Sannan a kawo bokitan biyu: ɗaya da ruwan sabulu, ɗaya da ruwa zalla. A tsoma tsumma cikin sabulu, a wanke ɓangare guda, a ɗauraye tsumman a bokitin ruwa, a matse, sannan a mayar da shi cikin sabulu. Da an gama, ku leƙa gindin bokiti na biyu. Duk yashin da kuka gani a wurin, da bokiti ɗaya aka yi amfani da shi, da a jikin motar zai ƙare.

A bi tsari: rufin sama, gilasai, bonet, but, ƙofofi, sannan ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe, domin su suka fi datti. A ja tsumma a miƙe, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar, sai an wanke shi. Daga nan a ɗauraye, a tsane da busasshen tawul mai tsabta kafin iska ta busar da ruwan.

Kada a watsa ruwa cikin inji. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori, kuma ruwa kaɗan zai iya jawo gyaran da ya fi kuɗin wankin shekara. Haka kuma wanke mota bai ba mu izinin tayar da ita ba. A Najeriya sai mutum ya kai shekara 18 yake samun lasisin tuƙi. Idan ana so a matsar da ita inuwa, a kira mai ita.

Shafa kaki

Kakin mota, wanda masu sana'ar ke kira folish, siririn mayafi ne da ake ɗora wa fenti don ƙura da ruwa da rana su ci shi a maimakon fentin. Mafi shahara ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin giginya mai suna carnauba, da ke tsirowa a arewa maso gabashin Brazil. Ba ya narkewa sai zafi ya wuce maki 80 a ma'aunin Celsius, shi ya sa yake jure ranarmu fiye da kakin zuma.

A kula wurin saye, domin abu biyu ake kira folish a kasuwa. Akwai mai ɗan kaushi, wanda masu fenti ke amfani da shi don kankare saman fenti su ɓatar da ƙarce. Shi yana rage kaurin fenti duk lokacin da aka goga, don haka ba na kullum ba ne. Wanda muke nema shi ne wanda aka rubuta wa Wax a jikin gwangwani. A duba murfin ko a rufe yake, a kuma tabbatar bai bushe ya tsage ba.

Ana shafa shi ne a kan mota wankakkiya, busasshiya, a inuwa. A lakato kaɗan da ɗan soso mai laushi, a shafa siriri a ɓangare guda, misali ƙofa ɗaya. A jira 'yan mintoci har ya yi hazo-hazo. A ja yatsa a kai: idan wurin ya fita tas yana sheƙi, lokacin gogewa ya yi. Sai a goge da tsumma mai tsabta, ana juya shi. Lafta kaki da yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa, ya kuma ƙarar da gwangwani da wuri. A guji baƙaƙen robobi, domin yana barin farin tabo a kansu, kada kuma a sa shi a gilashin gaba, saboda yana hana waifa share ruwa da kyau.

Ta yaya za a san kakin yana nan? A yayyafa ruwa a bonet. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa kamar a kan ganyen gwaza, kariyar tana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. A yanayinmu sau ɗaya a wata biyu ko uku ya wadatar, musamman gab da shigowar damina da gab da hunturu. Wannan sau huɗu zuwa shida ke nan a shekara, kuma gwangwani ɗaya zai ɗauki nauyinsu har ya yi saura. Idan kuɗin ya yi wa gida ɗaya yawa, gida uku su yi karo-karo su saya tare.

Dabarun da ke jawo asara

Wasu na shafa baƙin mai ko man birki a taya don ta yi baƙi. Baƙin mai yana lalata roba yana kuma tara ƙura, man birki kuwa idan ya ɗiga a fenti cinye shi yake yi. Sabulu da burushi sun ishi taya. Kashin tsuntsu da ƙaron bishiya su ma ba a barin su su kwana biyu, domin suna huda rufin fenti, balle idan rana ta gasa su. A jiƙa tsumma a ɗora a kai na ɗan lokaci, sannan a ɗauke a hankali, ba da farce ko reza ba. Wanda ke ajiye mota ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro don inuwa, ya riƙa duba ta kowace safiya.

Ruwan wankin ma yana da haƙƙi. Kada a bar shi ya kwanta a ƙofar maƙwabci ya zama gidan sauro, kada kuma a zuba mai a kwata, domin magudanan unguwanninmu a Kogin Kaduna suke ƙarewa.

Daga aikin gida zuwa sana'ar hutu

Wannan yanki yana da tsohuwar alaƙa da mota. A Kakuri, nan kusa da mu, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma har gobe ana cin karo da 504 a kan titi, wasu sun rube, wasu kuwa suna nan da kyansu saboda masu su sun kula da su. Yau ga motocin gida, ga Keke Napep, ga babura, duk suna buƙatar wanki kowane mako.

Ɗalibin da ya iya wannan aiki yana da abin yi ranar Asabar da lokacin hutu. Jarinsa sabulu da kaki da tsummoki ne kawai. Ya fara da motar gida, sai ta maƙwabta, da sanin iyayensa. Ya rubuta abin da ya kashe a ruwa da sabulu da abin da ya samu, don ya san ribarsa ta gaskiya. Kafin ya taɓa motar wani, ya zagaya ta tare da mai ita a ga tabon da ke jiki tun farko. Idan ya tsinci kuɗi ko waya a ciki, ya miƙa nan take, domin a wannan sana'a amana ce ke kawo kwastoma na biyu. Abin da ya tara zai iya sayen littafi, ko ya rage wa iyaye nauyin kuɗin rajistar WAEC ko NECO. Sharaɗin dai shi ne kada bokiti ya hana zuwa aji: a yi wankin a ƙarshen mako, ranar Litinin kuma a kama hanyar makaranta da wuri.