Damina da Naƙuda: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kan Mota Mai Jan Taya Huɗu

Uwargida, idan kina zaune a ƙauyukan Roni ko Gwiwa, ko can wajen Babura kusa da iyakar Nijar, kin san yadda hanya take komawa da zarar ruwan Agusta ya kankama. Inda babur yake wucewa salin-alin da rani sai ya zama taɓo, inda babu taɓo kuma akwai yashi mai riƙe taya. Naƙuda kuwa ba ta duban hadari kafin ta zo. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2 idan ba a tsayar da shi ba. Saboda haka motar da ta kafe a hanyar Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, maganar rai ce.

Mota irin Hilux ko Land Cruiser tana da giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, wadda direbobi ke kira ogzilari. Sai dai samun motar daban, iya sa giyar daban. Ko ba ke za ki tuƙa ba, sanin wannan zai sa ki iya tambayar Maigida ko direban garinku tun kafin ranar ta zo.

Alamomi uku

Kusa da giya akwai ƙaramar sanda, a sababbin motoci kuma maɓallin murɗawa, da alamomi uku. H2 na nufin tayoyin baya kaɗai ke ja, shi ne na kwalta. H4 na nufin duka huɗun na ja, shi ne na yashi, taɓo da hanyar burji mai santsi. L4 kuma tafiya ce a hankali amma da ƙarfi sosai, domin taɓo mai zurfi ko hawan dutse irin na yankin Roni.

A yawancin motocin zamani ana iya komawa H4 daga H2 mota na tafiya a hankali, sitiyari a miƙe. L4 kuwa dole a tsaya cak, a taka kuloci ko a cire motar daga giya, sannan a sa. Tsofaffin motoci suna da makulli a tsakiyar kowace tayar gaba. Sai direba ya sauka ya murɗa duka biyun zuwa LOCK, in ba haka ba tayoyin gaba ba za su ja ba, ko da an sa giyar.

Kafin a shiga, ba bayan an kafe ba

A sa giyar tun ana hango wurin. Idan taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa daga totur, domin ƙara wuta rami yake haƙa wa motar. A ja da baya kaɗan, a sa itace ko duwatsu a ƙarƙashin taya. A cikin yashi, rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma a mayar da ita wurin mai faci da an hau kwalta.

Da an hau busasshiyar kwalta kuma, a koma H2. Barin ta a H4 yana cinye taya, yana ɗaure sitiyari a kwana, yana iya lalata giyar. Idan ta ƙi fita, a ja da baya 'yan taku, za ta saki.

Abin da giyar ba ta yi

Ba ta ƙara wa birki ƙarfi, kuma ba ta mayar da mota kwalekwale. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60, wato wajen gwiwar babban mutum, na iya tafiya da babbar mota. Idan rafi ya kawo, a canza hanya ko a jira ya janye, a kira ma'aikaciyar asibiti mafi kusa ta waya.

Shirinki tun wata na 7

Ki san motar da za ta ɗauke ki, ki ajiye lambar direbobi biyu da kuɗin mai. Ki roƙi Maigida ya tabbatar an gwada giyar a hanyar ƙasa, domin wadda ta daɗe ba a taɓa ba takan maƙale. A cikin mota, idan kina zaune, ɗamarar kujera ta bi ta ƙasan ciki. Idan kwanciya ta kama, ki kwanta ta gefen hagu.

Zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani ko naƙudar da ta wuce awa 12 ba sa jiran gari ya waye. In kuma an taɓa yi miki tiyata a haihuwar baya, ko an ce hawan jini gare ki, ki koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti da watanki ya kama. Allah Ya sauke ki lafiya.