Ruwan Bagaja: Littafin matafiya da ya kamata ya ƙetaro iyaka

Daga wakilinmu a Atonsu, Kumasi

A kwanan baya na ɗauko tsohon littafina na Ruwan Bagaja, wanda bangonsa ya riga ya yage, na karanta babi guda a filinmu na dare a gidan rediyo. Ban rufe baki ba waya ta fara ƙara. Dattawan Aboabo da Asawase suna ta dariya suna tambayar ina Malam Zurƙe ya kwana, samari kuwa tambayarsu guda ce: a ina ake samunsa? Wannan tambaya ce ta sa na ga ya dace in yi magana da 'yan'uwa 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Kano, Maraɗi, Jibiya, Illela, Bawku da Kumasi.

Marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya kuma rasu a 1981, shi ya rubuta littafin yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba. Ya shigar da shi gasar ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Daga wannan gasa ce aka samu Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Labarin ba shi da wuyar bi. Ɗan Sarkin Kwantagora ya kwanta rashin lafiya, Liman ya ce da za a samu ruwan Bagaja da ya warke, sai aka yi masa wulaƙanci a fada don ana ganin zancen banza ne. Abin ya yi wa Alhaji Imam, jarumin labarin, zafi, ya ɗauki sanda ya shiga duniya neman ruwan nan, bai komo gida ba sai bayan shekara 15. Ya bi ta Tambutu, ya sha ɗauri da duka, ya ƙetare teku, har ya kai ƙasar aljannu.

To amma daɗin littafin ba a wurin aljannu yake ba, yana wurin Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Tun ranar da Alhaji, wanda ba shi da karatun kirki, ya zana wata alama a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta, Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙe, shi kuwa ya ce ai jinjirin wata ne, aka kori mai ilimi aka bar mai wayo, tun ranar suka shiga ramuwar gayya gari bayan gari. Duk wanda ya taɓa sauka baƙon gari da kaya a ka, ba ya da mai masauki sai bakinsa, ya san irin waɗannan mutane. Ya san dillalin da zai yi maka rantsuwa da safe ya sayar da kai da yamma, ya kuma san yadda abokin hamayya kan koma abokin tafiya idan hanya ta yi tsawo.

Mu mutanen Zango wannan labari bai yi mana nisa ba. Kwantagora ba ta da nisa da Yawuri, inda ayarin fatake kan ƙetare Kwara su nufo Gwanja sayen goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu, wasu suka zauna Kumasi. Jikokinsu ne mu.

Abin takaicin shi ne, yaranmu na jin Hausa, suna ciniki da ita a Kejetia, amma kaɗan ne ke iya karanta ta a boko, domin Turanci da Tuwi ake koyarwa a makarantu. Yaron da ya saba da finafinan kumbo da dodanni na Amurka bai san cewa tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawo sararin samaniya da Hausa ba, balle ya san Ruwan Bagaja da ya haura shekara 90.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, idan an je Kano ko Zariya sarin atamfa, shadda ko turare, a tambayi masu sayar da littattafai na bakin kasuwa. Littafin siriri ne, bai kai nauyin turmin zane guda ba. A saya wa yara, a zauna da su bayan sallar isha'i a karanta musu babi guda, sa'annan a miƙa musu su gwada da kansu.

Allah ya jiƙan Abubakar Imam, ya kai matafiya gida lafiya, amin.